Gishirin Auta

Shekara goma sha ɗaya Yaya ta yi a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin magunguna, tana tatso magani daga ganye. Za a jiƙa ganyen a ruwa, a zuba wani sinadari mai kama da mai, a girgiza a mazurarin gilashi, a bari ya kwanta. Sinadarin ya taso sama ɗauke da maganin, ruwa ya zauna ƙasa, a tsiyaye shi.

Wani sabon ganye da aka kawo ne ya ƙi ba ta haɗin kai. Sati uku tana girgizawa, abin yana fitowa kamar ruwan wanki, babu sama babu ƙasa. Ranar da ya ga dama ya rabu kuwa, rabin maganin na nan maƙale a ruwa.

Ƙanwarta, wadda kowa ke kira Auta har a wurin aiki, wata biyu ke nan da ɗaukarta aiki a kamfanin. Yaya ce ma ta kai takardunta ofis. Ran nan Auta ta leƙo ta bayan kafaɗarta.

"Yaya, ko a sa masa gishiri?"

"Miya muke dafawa?"

"Gishiri yana kama ruwa ya riƙe. In ruwan ya shagala da shi, sai ya saki maganin ya hau sama."

"Na san wannan tun kina tsotson yatsa."

Ta sani ɗin, a littafi. Tunawa ce ba ta yi ba.

Auta ta zuba cokali uku ta girgiza. Kafin minti biyar layi ya fito tsakanin sama da ƙasa, kamar da rula aka ja shi. Daidai nan manaja ya shigo, ya tambayi wa ya yi wannan.

"Mu ne," in ji Auta.

Ya kalli gishirin da ke jikin safar hannunta ya yi murmushi. Washegari aka rubuta a allo: Hanyar Auta.

Kullum Yaya ta shigo, rubutun nan ne ke fara gaishe ta. Mamansu ma ta kira ta a waya. "An ce ƙanwarki ta gyara muku aiki. Ki riƙa tambayarta abin da ya shige miki duhu." Yaya ta ce to.

Ta daina fita cin abincin rana. Ta jera kwalaben gishiri iri-iri na ɗakin gwaji tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda hanyar za ta gaza. Ta samu wani da ke yin akasin haka: da ta zuba shi, maganin ya koma ruwa, layin ya dushe. Fari ne fat, ba ka bambanta shi da na Auta. Ta daɗe tsaye da kwalbar a hannu, gwangwanin gishirin Auta a buɗe gabanta. Sai ta rufe kwalbar ta mayar can saman kantar ɗakin.

Kwana huɗu bayan haka ta dace da wanda ya fi na Auta ƙarfi. Kusan duk maganin ya hau sama. Ta maimaita sau shida kafin ta kai wa manaja.

"Madalla," ya ce. "Kin inganta hanyar Auta."

"Ranka ya daɗe, wannan aikin Yaya ne ita kaɗai," in ji Auta.

"Ai duk gida ɗaya ne," ya ce, ya ci gaba da duba takardunsa.

A motar komawa gida Auta ta zauna kusa da ita.

"Yaya, fushi kike yi da ni."

"A'a."

"Kina yi."

Yaya ta juya wajen taga. "Ina yi. Kuma na duba, ba ki yi mini komai ba."

Auta ta ɗauke jakar Yaya ta ɗora a cinyarta. Yaya ba ta karɓe ba, ba ta kuma juyo ba har suka sauka.