Awakin Wendell da Bututun Gari

Tun ranar da ma'aikata suka kawo babban bututun ƙazanta na gari har bakin titinsu, Wendell Pruitt bai sake zama wuri ɗaya ba. Shekara talatin gidansa na amfani da sokawe, ramin da ƙazanta ke tsumewa, a bayan fili. Bana kuwa ruwa ya yi yawa, ƙasar da ke kan ramin ta zama taɓo, in iska ta juyo sai matarsa Loretta ta rufe tagar kicin. Ga 'yarsu Jolene za ta dawo gida da yara uku a watan gobe.

Takardar hukumar gari ba ta ɓoye komai ba. Duk wanda ya jona bututu, filinsa ya shiga cikin gari, a cikin gari kuwa ba a kiwon awaki. Wendell yana da tara. An ba shi zuwa Juma'a ya sa hannu in yana so.

"Ka zauna mana, tsoho, kana sa ni jiri," in ji Loretta, ganin ya zagaya tebur sau huɗu da kofin kofi a hannu.

"Sabon rami zan haƙa, can gefen shinge."

"Da wane bayan? Wanda ya hana ka ɗaura takalmi jiya?"

Ranar Talata ya kira Dwayne Ledbetter, abokinsa tun makaranta, wanda aikinsa ke nan haƙa sokawe. Dwayne ya tona ramuka uku, ya cika su da ruwa, ya kafa sanda a kowanne don a ga yadda ƙasa za ta sha. Wendell ya leƙa wannan, ya leƙa wancan, ya je ya zuba wa awaki harawar da ya riga ya zuba musu, ya dawo. Awa huɗu ruwan yana nan cif.

"Yumɓu ne zalla, mutumina," in ji Dwayne yana goge hannu a wando. "Tukwane za ka gina da shi, ba sokawe ba."

"A can ƙasa fa, kusa da rijiya?"

"Ka sha abin da ka zubar? A'a, ba da ni ba."

Laraba Wendell ya tuƙa mota har ƙofar ofishin gari, ya kashe inji, ya sake tayarwa, ya koma gida. Alhamis ya shiga, ya karɓi biro, ya ce ya manta tabarau. Alhali tabarau ɗin yana aljihun rigarsa.

Da la'asar Dwayne ya bugo waya. "Gonata tana hayin rafi, gari bai kai can ba. Kawo awakin. Amma wallahi in bunsurun nan naka ya ci mini kabeji, sai na gasa shi."

Juma'a da safe Wendell ya sa hannu, ya kwashe awakin ya kai gonar Dwayne. Kafin mako ya zagayo, motar haƙa ta tsaga filin gaba gida biyu, aka zuba yashi aka binne tsohon ramin.

Ran da Jolene ta iso, yara suka yi ta wanka ɗaya bayan ɗaya, Loretta ta kunna injin wanki har sau uku ba fargaba. Wendell ya tsaya a garken da babu akuya ko ɗaya. Ya tumɓuke turke biyu, ya ce tumatir zai shuka a wurin, ya yar da shebur, ya laluba makullin mota.

"Baba, abinci fa?" Jolene ta kira shi daga baranda.

"Ku fara. Dwayne bai san akuyar da ba ta son a tatse ta daga hagu ba."