Manhajar Da Ba Ta Sa Baki

Injin sassaƙa rubutun da Baba ya bar musu a shago ba ya jin maganar kowa sai ta wata tsohuwar kwamfuta mai nishi kamar ta hau tudu. Waya ɗaya ce ta haɗa su, irin ta kafar siriyal mai haƙora tara, ta nan kwamfutar ke gaya wa injin inda zai kai wuƙarsa a kan allo. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa, faifan manhajarsa kuma an neme shi an rasa. Duk ranar da kwamfutar nan ta ce ga garinku, injin ya kurmance ke nan.

Yaya, babban ɗan gidan, ya gaji da lallaɓa ta. Ya ce mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da yamma ya kwashe injin. Ƙanwarsa kuwa, wadda ake kira Injiniya tun ranar da ta kwance rediyon gida tana ƙarama, ta ce ba a haifi mai ɗaukarsa ba. Dabararta ita ce ta sa manhajar da za ta saurari hirar kwamfutar da injin, ta rubuta ta, don ta koya wa sabuwar kwamfutarta yaren.

Don kada a ce bai taimaka ba, Yaya ya kirawo abokinsa mai shagon kwamfuta, mutum mai zaƙin baki.

"Ga wannan manhajar, ƙanwata," in ji abokin. "Dubi launuka, har da zane mai hawa da sauka."

"Kama kafar siriyal ɗin take yi ita kaɗai?" in ji Injiniya.

"To... e, haka ne."

"Ke nan za ta ture manhajar injin ta zauna a kujerarta. Ni mai laɓe nake nema, ba mai sa baki ba."

Ya buɗe ta biyu. "Wannan fa? Tana share tarkace, ta bar miki abin da ke karantuwa."

"Tarkacen nan su ne maganar. Wa ya ce maka injin boko ya yi?"

Sai ta ciro tata, wata mummuna mai baƙin allo da lambobi jere. Ita tana ɗaukar abin da kwamfutar ta faɗa da amsar injin, ta sa wa kowanne lokacinsa, ta zuba kowane layi nan take a filas, ɗan abin adana bayanai da ake sokawa a jikin kwamfuta.

"Ke dai taurin kan Baba kika kwaso," in ji Yaya. "Wannan ko kallonta ciwon ido ne."

"Ba a falo zan rataya ta ba, Yaya."

Ta ɗora manhajar a tsohuwar kwamfutar, ta ɗaura allon gwaji, ta tayar da aiki. Wuƙa ta fara ci, lambobi suna ta zuba. Ba a kai rabin rubutun ba sai ga warin ƙonewar roba, allon kwamfutar ya yi ɗif, injin ya tsaya da wuƙarsa cikin katako.

"Shi ke nan," in ji Yaya a hankali. Shi ma abin ya taɓa shi, don a kan injin nan ya koyi sana'a.

Mai ƙarafa ya iso, ya ja motarsa har bakin ƙofa. Injiniya ta zare filas ɗin, ta buɗe shi a sabuwar kwamfutarta. Abin da ta samu guntu ne, ba ta ma san me yawancinsa ke nufi ba. Ta maƙala wayar injin a sabuwar kwamfutarta, ta kwafi layukan farko, ta tura.

Shiru. Mai ƙarafa ya fara naɗe hannun riga.

Sai injin ya yi gurnani, wuƙar ta ɗaga, ta koma kusurwa, ta sauko ta ja ɗan layi bai fi tsawon yatsa ba, ta tsaya.

"Layi ɗaya fa," in ji Yaya. "Sauran haruffan fa, ina za ki samo su?"

"Injin zai gaya mini. Tunda ya amsa, ba zan bar shi ba."

"Baiwar Allah, in ɗauka ko in tafi?" in ji mai ƙarafa.

Ta sunkuya ta cicciɓo tsohuwar kwamfutar, da sauran zafinta, ta dire masa a gaba.

"Ga wadda ta mutu. Wancan yana magana."