Kogin Aro

Shekara goma sha takwas na yi ina tsaye bayan Zolile da babbar jitata, ina jin yana gaya wa duniya cewa ubana ne ya haife shi.

Duk mawaƙin maskandi, wato kiɗan jita na Zulu, in waƙa ta kai tsakiya, sai ya yi wa kansa kirari a guje ba numfashi: sunansa, sunan ubansa, dutsen garinsu da kogin da ya sha ya girma. Wanda bai ambaci kogi ba, jama'a sai su ce daga sama ya faɗo. To, Zolile Nogwina ɗan ƙabilar Mpondo ne, daga wani ƙauye kusa da Flagstaff a lardin Gabashin Cape na Afirka ta Kudu, koginsu kuma Mzintlava. Ni kuwa, Dingizwe Shange, Bazulu ne ɗan Msinga, ruwan Thukela na sha. A Durban muka haɗu muna aikin gadi, ɗakinmu ɗaya a masaukin 'yan ci-rani.

Ranar da muka fara shiga situdiyo, Zolile na cikin zuba kirarinsa mai situdiyon ya kashe na'ura.

"Mzin-me? Malam, wa zai sayi faifai da wannan kogin a ciki? Maskandi kayan Zulu ne. Ko ka nemo kogin kirki, ko ku ba ni wuri."

Zolile ya juyo ya dube ni da idon tausayi. "Shange, ara mini koginka. Na yau kawai."

Na ce ya ɗauka, don a zatona ko matan da ke sayar da ƙosan fulawa a bakin masauki ba za su saurari faifan ba. Da ya ɗauki kogin sai ya ga dutsen garinsu bai dace da shi ba, ya haɗa da dutsenmu. Da ya ɗauki dutsen sai ya ga sunan Nogwina ya yi bare a wurin, ya haɗa da ubana. Waƙar kuwa ta tashi kamar an zuba mata fetur. Kafin wata uku babu motar hayar da ba ta sa ta, aka raɗa masa suna Yatsun Wuta, ni kuma na koma "ƙanen Yatsun Wuta", alhali na ba shi shekara huɗu cur.

Ba ni kaɗai na sha wuya ba. Mahaifiyata ta ji a rediyo wani ƙato yana cewa shi ɗan Shange ne na Msinga, ta yi wata guda ba ta yi wa mahaifina magana ba. Tsohon ya yi rantsuwa har ya gaji, daga baya da waƙar ta ƙara suna sai ya daina musu, ya ma riƙa cewa a wurin shan giyar dawa, "Yaran nan nawa duka biyun suna ƙoƙari."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu rediyo. Zolile yana da wani salo na tsinkar igiyar jita, babban yatsa na tafiya dabam, manuni na gudu dabam. Sai ka ji mai gabatarwa yana cewa, "Ku ji asalin kiɗan Msinga, na kaka da kakanni!" Ni a Msinga aka yanke mini cibi, kuma babu mai kiɗa haka a can. Wurin ubansa ya koya, tsoho Nogwina, wanda ya haɗa jita da galan ɗin mai da wayar birki yana kaɗawa a wurin kiwo, ya kuma rasu shekara ɗaya kafin mu shiga situdiyon nan. Yanzu samarin garinmu duk sun kwaikwayi salon, suna ta faɗa da 'yan garin Nkandla a kan wa ya gada.

Duk Kirsimeti Zolile yakan je gida, amma a matsayin mai gadi. Yakan bar jitar a ƙarƙashin gadona, ya sayi bargo da buhun sukari ya kai wa mahaifiyarsa, MaSukude. Ya ce mini ba ta san komai ba, wai ita rediyon coci kawai take ji.

Ana nan sai aka shirya babban biki a filin ƙwallon Flagstaff don karrama mawaƙan maskandi na Gabashin Cape, aka kuma ga ya kamata a gayyato babban baƙo daga lardinmu na KwaZulu-Natal. Manajanmu, wanda shi ma ya ɗauka mu wa da ƙane ne, ya amsa ba tare da ya tambayi kowa ba.

"Yanzu ya za ka yi?" na tambayi Zolile.

"Zan sa baƙin tabarau."

"Tabarau! A garin da aka yi maka kaciya? Ai ko buhu ka shiga awakin ƙauyenku za su gane ka."

"Shange, ka cika baƙin baki. Waƙa huɗu ce, mu yi mu shiga mota."

Muka isa da hantsi. Fili ya cika, hayaƙin gasasshen nama ya turnuƙe, mata na sayar da kunun masara a bokiti. Motoci biyu na masoyanmu sun biyo mu tun daga Durban, kowa sanye da riga mai hoton Zolile, an rubuta ƊAN THUKELA a ƙirji. Shugaban biki, wani mai tumbi cikin kwat duk da zafin rana, ya hau dandamali yana ta jawabi, wai mawaƙan lardinsu sun ba maskandi rawa, sun ba shi murya, amma kullum Durban ce ke kwashe yabo. Ya ce duk da haka su ba masu ƙyashi ba ne, shi ya sa suka kira baƙo ya nuna yadda Zulu ke nasu.

Muna cikin tanti a bayan dandamali, Zolile na ɗaura fatar damisa ta kanti a goshi, sai aka ɗaga labule da kan sanda. Wata 'yar tsohuwa ta shigo, lulluɓe da bargo mai ratsin shuɗi. Na gane bargon, don tare muka saye shi.

Ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, baƙonmu na Msinga. An sha hanya. Ya mutanen gida? Ya ruwan Thukela, ya ja baya ko yana nan?"

Zolile ya daskare da tabarau a fuska. "Mama..."

"A'a, ni wa? Ni ɗana mai gadi ne, bawan Allah, ba shi da ko gwangwanin kaɗawa." Ta juyo gare ni. "Kai ne mai kogin?"

"Ni ne, Mama."

"In ka koma ka gaishe mini da mahaifiyarka. Ka ce na gode da ta haifar mini shi. Da na san ita za ta yi naƙudar, da ban yi kwana biyu ina birgima a ƙasa ba."

Na so in yi dariya, na kuma so ƙasa ta tsage in shige.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Zolile.

"Tun waƙar farko. Ina cikin motar haya zan je asibiti, direba ya sa. Shekara talatin ina jin wannan yatsan na ubanka a bayan ɗakina, kana zaton zan ɓata shi? Na ce wa matar da ke kusa da ni, wannan ɗana ne. Ban rufe baki ba ka ce kai ɗan Shange ne. Matar ta dube ni, ta matsa gefe da jakarta."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ina jira in ga ranar da za ka gaji da kanka. Na ga ba ka da niyya, ni kuma gwiwoyina sun fara sallama." Ta gyara bargonta. "Kujerata tana layin gaba. Ban zo rigima ba, na zo in ji wanda ya haife ka ne, daga bakinka."

Tana fita Zolile ya zauna a kan akwatin lasifika ya dafe kai. In ya faɗi gaskiya, ga motoci biyu na 'yan Durban da shekara goma sha takwas na suna. In ya faɗi abin da ya saba, ga tsohuwa a layin gaba. Na tausaya masa, amma ba sosai ba.

Ya ce, "Zan faɗa. Tsaya in gwada." Ya ja numfashi. "Ni ne Yatsun Wuta, ɗan Nogwina, na sha ruwan Thuke... kai!"

"Sake."

"Ni ne Yatsun Wuta, ɗan Shange..."

"Ka bar mini ubana ya huta! Sake."

Sau bakwai muna yi, harshen nan ya ƙi. Da ya kama gudu sai ya bi tsohuwar hanyarsa kamar jakin da ya san gida. A na takwas ya faɗa daidai, aka kuma kira mu.

Ya buɗe da 'yar tsinkar nan tasa, fili ya ɗauki ihu. 'Yan rawarmu suka shiga ɗaga ƙafa sama suna dukan katako, ni ina bi da gurnanin babbar jita. Ina hango MaSukude ta dafa sanda da hannu biyu, ko kai ba ta kaɗawa. Da muka kai wurin kirari, sai na ga Zolile ya yi wani murmushi da na sani, na wanda ya samo dabara. Mutumin nan ya faɗi gaskiya kuwa, Nogwina da Mzintlava da komai, amma da irin saurin da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya kuma manna baki a makirufo yadda ba abin da ke fita sai ruri. Ni da ke bayansa da ƙyar na tsinci kalma biyu. 'Yan Durban suka yi ta tafi, sun ɗauka Thukelarsu ce ta wuce. Ya waiwayo ya ƙifta mini ido ta saman tabarau, wai shi ya raba gardama.

Raina ya ɓaci. Na ɗora tafin hannu a kan igiyoyina, na yi shiru. Mai ganga ya ga na tsaya, shi ma ya tsaya. Wani ɗan rawa ya rage da ƙafa ɗaya a sama yana raba ido.

Cikin shirun nan MaSukude ta miƙe. Ba ta da makirufo, ba ta kuma bukace shi ba.

"Ban ji ba!"

"Mama, ai na faɗa..."

"Ka faɗa wa wa? Ni da ke nan ban ji ba, balle ubanka da ke kwance a kabari bayan shingen shanu. Ƙudan zuma ne ya haife ka? Faɗi a hankali!"

Wani daga cikin 'yan Durban ya yi ihu, "Wace ce wannan tsohuwar? A zaunar da ita mana!"

Wannan ihun ne ya yi abin da ni da ita muka kasa. Zolile ya juya wajen mai maganar, ya ce cikin harshen Mpondo tsantsa, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ranar da aka sace masa takalmi a masauki, "Uwata ce, kai kuma ka iya bakinka."

Sannan ya saki jitar ta rataya a wuyansa, ya faɗa ɗaya bayan ɗaya. "Sunana Zolile. Ubana Nogwina. Ruwan Mzintlava na sha. Wannan kiɗan da kuke ji nasa ne, a kan galan ɗin mai ya koya mini. Ban taɓa kwana a Msinga ba, sau ɗaya na je, zawo ya koro ni."

Filin ya yamutse. Mutanen Flagstaff suka ɓarke da guɗa da fito, wasu tsofaffi na cewa dama sun ga kunnuwan Nogwina ne. Shugaban biki ya ruga ya ƙwace wani makirufo yana haki, wai da ma kwamiti ya sani, shiri ne na musamman. 'Yan Durban kuwa suka rabu biyu, wasu suka nufi mota suna zagi, wani ya tuɓe rigarsa ya jefo ta dandamali ta faɗo a kan ƙafata, wasu suka tsaya suna duban ƙirjinsu. Mun yi asarar masoya a ranar, kuma da yawansu ba su dawo ba. Ni da na shekara goma sha takwas ina mita a ba ni kayana, da aka ba ni sai na kasa yin murna.

MaSukude ba ta yi guɗa ba, ba ta kuma zauna ba. Ta ɗaga sanda, hayaniyar ta lafa.

"Wannan sunansa ne kawai," in ji ta. "Ina kirarinsa?"

Zolile ya sunkuyar da kai. "Na manta shi, Mama."

"To bi ni."

Ta fara jero kirarin mijinta daga ƙasa, layi ɗaya ɗaya, shi kuma yana maimaitawa a makirufo, babban mutum mai furfura a gemu. Mai ƙetare kogi da ɗan maraƙi a kafaɗa, ya maimaita. Wanda ya dawo daga ramin zinariya da yatsunsa goma, ya maimaita. Mai kiɗan da ke hana mata kai ruwa gida. Nan ta buɗe baki za ta ci gaba, muryar ta ƙi fita. Ta sake gwadawa, kewar mijinta ta hana ta, ta kama sandar da hannu biyu.

Zolile ya tsaya riƙe da makirufo yana jiran ta, mu ma duk filin muka tsaya.