Tsatsa a Ƙarƙashin Jar Mota

Kwana uku ke nan Zaharaddeen ya kasa zama wuri ɗaya. In ya ɗauki sifana sai ya ajiye, in ya zuba shayi sai ya huce a kan benci. Abokan aikinsa a garejin da ke bayan unguwar Madain Fahd a Jidda sun zaci iƙamarsa, takardar izinin zama, ce ta kusa ƙarewa. Ba ita ba ce. Jar motar nan ce da ke ɗage a kan jak.

Motar ta Areej ce, 'yar ƙanwarsa Zubaidatu. Haifaffiyar Jidda ce, tana aiki a wani kantin magani a Sharafiyya, kuma tun da ta karɓi lasin ba ta da zance sai na gasar gudu da agogo da ake yi a bayan gari. Wata biyar da suka wuce ta zo masa da hotuna biyu a waya: wata sabuwar motar tsere fil, da wata tsohuwa ƙirar Japan mai ƙofa biyu, wadda ta girmi Areej ɗin da shekara biyu. Ta ce ya zaɓa mata.

Bai ko yi jinkiri ba ya ce tsohuwar. Sabuwar ta ninka ta kuɗi sau huɗu, kwamfutarta a kulle take, da ka taɓa garanti ya tashi, kuma ko ƙusa sai ta kamfani. Tsohuwar kuwa kayanta na nan jibge a tashlih, inda ake ɓare matattun motoci. Duk gaskiya ya faɗa. Abin da ya ɓoye shi ne, tun da sababbin motoci suka cika gari, samari sun koma wurin maƙwabcinsa Majid, wanda ke jona kwamfuta ya ƙara wa mota ƙarfi cikin awa guda, aikin da shi zai yi mako uku a kansa. Shekara talatin da barinsa Sudan yana cikin baƙin mai, kuma ya yi kewar injin da ke jin hannu.

Sai araha ta nuna halinta. Ya sa turbo, lagireto ya fara tafasa. Ya canza lagireto, kuloci ya kasa riƙe sabon ƙarfin. Daga nan birki, daga nan robobin da suka bushe suna farfashewa a hannu. Areej ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta ce, "Yalla, Kawu, a saya."

Ranar da ya ɗaga kafet don a yi waldar ƙarafan kariya, ya danna sukudireba a ƙasan motar, ta wuce kamar an soki biredi. Tsatsa ta cinye ƙashin motar daga ƙarƙashin kujera har gindin tayar baya. Motar ambaliya ce, an shafe ta da kwalta. Ranar saye kunnensa yana kan kukan injin, bai kwanta ya leƙa ƙasa ba.

Ismail mai gyaran bodi ya ba shi shawara a yi faci a fesa fenti, za ta wuce fahas, binciken nan na shekara-shekara, ba mai ganewa. Saura mako biyu gasar. Zaharaddeen ya auna farantin ƙarfe har ya yanka, sannan ya tuna gudun da motar za ta shiga kwana da shi, ya jefar. Bayan la'asar ya tafi Hindawiyya gidan ƙanwarsa, ya zagaya layin sau biyu, ya juyo bai shiga ba.

Washegari Areej ta zo da kanta kafin ta wuce aiki, da sabuwar hular kwano a leda. Ya miƙa mata tocila ya ce ta duba. Ta tattare abaya ta durƙusa, ta daɗe a wurin.

"Kawu, ka sani tun farko?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Amma da na duba da na gani. Ni nake son motar nan, shi ya sa ban duba ba."

Ta miƙa masa tocilar. Ta fita ta shiga wurin Majid, yana hango su ta ƙofa suna magana da Larabci. Majid bai yi mata ƙarya ba: abin da ta zuba a wata biyar ya kusa kai ta rabin sabuwar, wadda ba ta buƙatar komai sai awa guda a kwamfuta da tayoyi. Zaharaddeen ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa, ko da yake ba komai a jikinsa.

Da ta dawo idonta ya yi ja. Ta tambaye shi ko injin lafiyarsa lau. Ya ce ko gobe aka ɗora shi a wani jikin zai tashi.

"Halas, shi ke nan. Mu nemo wani jikin. Amma wannan karon ni zan kwanta a ƙasa."

Gasar ta wuce ba su je ba. Asabar shida suka yi suna yawon tashlih cikin rana, ba ta cika yi masa magana a hanya ba, kuma duk jikin da suka samu gishirin teku ya riga su. Sai a Ɗa'if, can kan dutse inda iska ba ta da laima, suka dace da wata fara wadda injinta ya buga. Zaharaddeen ya sayar da tsohuwar na'urar waldarsa ya biya, bai bari ta sa sisi ba. Zubaidatu ta ce su biyun duk mahaukata ne.

Da sanyi ya shigo, injin jar motar na cikin farar, Areej ta shiga wata gasar, ta zo ta tara cikin sha huɗu. Takwas ɗin da suka riga ta, shida sababbin motoci ne. Ta cire hular, gumi na zuba, ta ce masa bayan motar yana zamewa a kwana ta uku, kuma tana so ya gyara kafin Alhamis.