Katangar da ke tsakanina da Sailuba

Da aka raba gadon gidanmu na Kusfa, aka ja katangar bulo ta ratsa tsakar gida, ni gabas, ƙanwata Sailuba yamma. Rijiyar da mahaifiyarmu ta haƙa ta faɗa ɓangarena. A kanta muka faɗa wa juna maganganun da ba a faɗa, daga ranar kuma ko sallama ta ɗauke.

Kowa ya ce in bar wa lokaci, wai 'yan ciki ɗaya da kansu suke shiryawa. Na koyar da kimiyya har na yi ritaya, ban taɓa ganin abin da ya gyaru don an zuba masa ido ba. Amma ni ce babba. Ita ya kamata ta tako.

Sai na tafi Wusasa wurin Abigel, abokiyar aikina ta da, wadda wata shuka mai yaɗo ta lulluɓe mata baranda da jan fure.

"Hajiya, ke da ba kya raya ko barkono?" ta ce tana yanko mini reshe. "Kada ki cika masa ruwa. Sai ya ji ƙishi yake fure."

Na dasa shi a gindin katangar. Maƙwabta suka ce zai tara macizai. Na ce macizan Kusfa sun girmi shukata. Maganar Abigel ma ban ɗauka ba, kullum bayan la'asar sai na juye masa bokiti guda. Lissafina shi ne, in ya haura, ko dai Sailuba ta sare shi ta aiko da faɗa, ko ta bar shi. Ko faɗan ne ina so, muryarta ce.

Damina ta biyu ya kai kan katanga ya zuba ƙasa ta can. Ɓangarena ganye ne kawai da ƙaya. Ba a sare ba, ba a aiko ba. Nakan tsaya da bokiti a hannu ina jin tarinta, taku kaɗan daga inda nake.

Wata Talata da hantsi kuka ya tashi a bayan katangar. Sai da na fita titi, na zagaya ta lungu, sannan na shiga gidan da aka haife ni kamar baƙuwa. An riga an rufe wa Sailuba fuska.

Da aka fita da ita na ɗaga kai. Katangar ta yi jawur da fure. Ashe duk ta nan ya yi, inda ranar yamma ke dukansa. An kakkafa ƙusoshi, an ɗaure kowane reshe da tsumman atamfa, an ja shi hagu da dama. Na gane ƙullin. Haka take ƙulle bakin zani tun muna yara.

'Yarta Khadija ta durƙusa gefena.

"Ita ta yi wannan?" na ce.

"Da hannunta, Inna. Ƙaya ta sha yagarta. Yayana Nafi'u ya zo da adda, ta ce in ya taɓa ba ita ba shi. Nan take shimfiɗa tabarma da la'asar. Ranar da ba ta ji ƙarar bokitinki ba, sai ta tura ni in tambayi maƙwabta ko Yaya lafiya."

"To me ya hana ta zuwa?"

"Cewa ta yi ba za ta je miki hannu Rabbana ba. Wai sai ya rufe katangar duka, sannan ta zo ta kamo hannunki ki gani."

Ta nuna mini kusurwar ƙasa, wajen madafa. Bulo ne tsirara, faɗinsa bai fi faifai ba. An riga an kafa ƙusa a tsakiyarsa, da tsumma a rataye, reshen bai kai ba tukuna.