Wanda Ya Dawo Ya Faɗi Yadda Ya Yi

Mai gyara ya ce kwamfutar ta tsufa, a yar da ita. Malama, da ta ƙare aikinta tana koyar da lissafi, ba ta karɓar amsar da ba a nuna mata hanyarta ba. Kuma a wannan allon kaɗai maigidanta ke ganin leɓen likitar da ke sake koya masa magana tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Na waya ya yi wa idonsa kaɗan. Gobe suke da zama, ga manhajar bidiyon ta daina buɗewa a tsohon tsarin da ke tafiyar da kwamfutar.

Ƙanwarta, Auta, ta zo da filashi ɗauke da wani tsari na kyauta, wanda masu sa kai ke rubutawa, kowa na iya leƙa cikinsa. Suka baje a teburin cin abinci. Da fari kwamfutar ko kallon filashin ba ta yi ba. Da ƙyar ta karɓa, tsarin ya hau, sai intanet ya ɗauke.

"Wai sai an sauko da abin da zai tayar da shi," in ji Auta.

"Daga ina?"

"Daga intanet."

"Wanda babu? Da ɗalibina ne ya kawo min wannan, sifili zai ci."

"To ba shi sifilin, Yaya, mu ga ko zai kama."

Suka koma laluben zaurukan tattaunawa na intanet a wayar Auta. Masu irin matsalarsu ba sa ƙirguwa, kusan kowa ya rufe da "na gyara" ya yi gaba abinsa. Malama ta yi tsaki har maigida ya waiwayo daga kujerarsa.

Can ƙasa sai ga wani, shekaru da suka wuce, mai irin kwamfutarsu. Ba wanda ya amsa masa, amma ya dawo da kansa ya rubuta: a jona waya da igiyar caji a ari intanet ɗinta, sannan a buga wannan layin a baƙar tagar da ake ba kwamfuta umarni.

Malama ta buga harafi bayan harafi, tabarau a ƙarshen hanci. Alamar intanet ta haska. Manhajar ta buɗe, fuskar maigida ta cika allon.

"Buɗe min wurin amsa wa mutumin nan," in ji Malama.

"Yaya, wa ya sani ko yana leƙowa?"

"Shi ma bai san za mu zo ba."

Tana laluben abin rubutawa, maigida ya motsa baki, ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Na... go... de."

Malama ta share gilashin tabaraunta, ta rubuta haka, da ɗigogin duka.