Gyaɗar Kyalla

A gefen faifan Iya, kakata, na ga ƙwayar gyaɗa ɗaya da koren gashi kamar na jariri. Iya ba ta zubar da abinci. Mai kyau ta kunu ce, mai funfuna ta Kyalla ce, akuyarta, wadda Iya take shan nononta kowace safiya.

Makonni uku ke nan da na saci irin wannan ƙwayar na kai ɗakin gwajinmu na jami'a. Na shuka ta a farantin gilashi, na raba funfunar har ta tsaya ita kaɗai. Na san sunanta. Na san dafinta yana bi ta nono ya ci hanta. Bakina ne ya kasa faɗa wa matar da ta goye ni.

Bayan azahar zazzaɓi ya kwantar da ni a tabarmarta.

Sai ga ni cikin farantin, ya yi faɗin fadama, murfinsa ya zama sama. Koren daji yana tsirowa ba ƙara. Kyalla ta fito daga ciki sanye da farar rigata ta aiki, ta ɓalla maɓallan a karkace.

"Biyo ni, 'yar boko," ta ce.

Muka shiga ɓawon gyaɗa kamar zaure. A ciki wata tsohuwa mai koren mayafi tana kaɗi, zarenta yana ratsa bango.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Wa ya kawo ki?"

"Danshi ya gayyace ni, buhu ya ba ni masauki. Ni ba na shiga inda rana ta gama aikinta."

"Idan aka tafasa ki fa?"

Ta yi dariya. "Ni zan mutu. Zarena ba ya jin wuta."

Zaren ya zama rafin nono, yana hawa tudu maimakon ya gangara. A can sama Iya ce zaune, ƙarama kamar 'yar tsana, ta tara ƙoƙonta tana murmushi.

"Abin da aka ba ni a faifai, shi nake mayarwa a ƙwarya," in ji Kyalla. "Ni ba ni da baki. Ke mene ne naki uzurin?"

Na taɓa leɓena, na ji murfin gilashi a kai, da sunana rubuce da kwanan wata. Nonon ya kusa bakin ƙoƙon. Na sa hannu biyu na ɗaga murfin.

"Iya, kada ki sha. Gyaɗar nan guba ce, ko ta bi ta cikin Kyalla."

Muryata ce ta tashe ni. Iya tana zaune kusa da kaina, jiƙaƙƙen tsumma a hannunta. Ta daɗe tana kallona. Ta gyara mini zane, ta shafa goshina, sannan ta ɗauki faifan.

Kyalla ta miƙo wuya daga turke tana kuka. Iya ta wuce ta, ta zari fartanya a jikin katanga, ta fita ta ƙofar baya don ta binne gyaɗar.